Akun da ya zo daga Indiya

A shekarar 1936 Rupert East ya ɗauko Abubakar Imam daga Makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya, domin ya rubuta wa 'yan makaranta littafin karatu. Ya jibge masa littattafan hikayoyin Larabawa, da na Turawa, da na Indiya. Cikin wata shida Magana Jari Ce ya kammalu, juzu'i uku.

Akun nan da ke ɗauke hankalin Musa da labarai don kada ya fita, asalinsa tsohuwar hikayar Indiya ce, inda matar wani falke yake tsarewa. Imam ya sauya masa gida, ya ajiye shi a fadar Sarki Abdurrahman, har aka naɗa shi waziri. Da wuya yaron da ya ga zanensa a shafi ya zaci baƙo ne.