Galadima: asalin sunan, tarihinsa da yadda ya zama sunan iyali

Galadima suna ne da ake ji daga Damagaram zuwa Kano, daga Maradi zuwa arewacin Kamaru. A wajen wasu sarauta ce da sarki ya naɗa musu rawaninta. A wajen wasu kuwa sunan iyali ne da ke rubuce a takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa, ko da babu wanda ya riƙe sarauta a gidansu tun zamanin kakanni. Tarihin wannan suna ya ratsa ta gabashin jihar Zinder, inda garuruwa irin su Gidimuni da Gure suke, domin ƙasar ta daɗe tana cikin yankin da Galadiman Borno ke lura da shi.

Ma'anar kalmar

Bayanin da malaman tarihi suka fi yarda da shi shi ne cewa kalmar ta fito daga harshen Barebari. A wannan harshe ana liƙa ɗafin "ma" a ƙarshen suna don nuna mai abu ko mai kula da wuri, kamar yadda Bahaushe ke sa "mai" a farkon kalma. Galadi shi ne sunan da ake kiran ƙasashen yammacin daular Borno, saboda haka Galadima na nufin mai kula da Galadi. Irin wannan gini ne ake gani a wasu sarautu da Hausawa suka aro daga Borno, kamar Yarima da Kaigama da Ciroma.

Bayan kalmar ta zauna a bakin Hausawa sai ta haifi wasu kalmomi. Galadanci na nufin muƙamin Galadima ko unguwarsa, Galadimawa kuma mutanensa ko mazauna garinsa. Akwai unguwar Galadanci a cikin birnin Kano, akwai kuma Galadimawa a Abuja.

Galadiman Borno da ƙasar Damagaram

A daular Borno Galadima yana cikin manyan masu muƙami. Tun ƙarni na 17 mazauninsa yana Nguru, a jihar Yobe ta Najeriya a yau, kudu maso gabas da Zinder. Aikinsa shi ne tsaron iyakar yamma, wadda ke fuskantar ƙasar Hausa da hare-haren Abzinawa, da kuma sa ido kan ƙananan masarautun da ke kai gaisuwa ga Mai na Borno, irin su Muniyo da Macina. Saboda nisansa da fadar Birnin Gazargamu, ya kasance kamar sarki a yankinsa, da fadawansa da mayaƙansa.

Gidimuni, wadda a yau komin ce a gundumar Damagaram Takaya, tana kan hanyar Zinder zuwa Gure, wato tsakanin Damagaram da tsohuwar ƙasar Muniyo. Hausawa da Barebari sun daɗe suna zaune tare a gefen tafkinta, cikin lambunan dabino da rake. A irin wannan mahaɗa ce sunayen sarautun Borno suka saje da Hausa har mutane suka daina jin su a matsayin baƙin kalmomi.

Ƙarfin Galadiman Borno ya fara raguwa ne a farkon ƙarni na 19. Mayaƙan jihadi sun fatattaki Nguru, sannan suka ci Birnin Gazargamu a 1808. Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi, wanda ya ceto daular ya kafa Kukawa a 1814, bai mayar wa Galadima da ikonsa na da ba. Lokacin da Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya bi ta yankin a 1851, ya tarar da Galadima Umar a garin Bundi, ya kuma rubuta cewa ikonsa ya ragu ƙwarai. A daidai wannan zamani Damagaram ke tasowa. An mayar da fadarta Zinder wajajen 1812, sannan Sarki Tanimun, wanda mulkinsa ya kai har 1884, ya gina ganuwar birnin, ya tara bindigogi da igwa, ya mai da masarautar babbar mai ƙarfi a yammacin Borno. Fadar Damagaram ta riƙe sunayen sarautun Borno a tsarinta, har da Galadima da Ciroma da Kaigama.

A masarautun Hausa

Sarautar ta shiga ƙasar Hausa da wuri. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Galadima Dawuda a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, a matsayin wanda ya yi wa sarki yaƙe-yaƙe a kudu. A zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, Galadima yana cikin majalisar nan da ake kira Tara ta Kano. Bayan jihadi sarautar ta koma hannun ƴaƴan sarki, kuma nauyinta ya fito fili a yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895: Yusufu da Tukur, waɗanda magoya bayansu suka gwabza kan gadon sarautar Kano, kowannensu ya taɓa riƙe muƙamin Galadima.

A Katsina, Galadima yana cikin manyan masu zaɓen sarki, tare da Ƙaura da Ƴandaka da Durɓi. Sarakunan Haɓe da suka bar Katsina bayan jihadi suka kafa Maradi sun tafi da wannan tsari, shi ya sa ake samun sarautun huɗu a ɓangarorin iyaka biyu. Galadiman Katsina na wannan zamani shi ne hakimin Malumfashi, kuma marigayi Mai shari'a Mamman Nasir, wanda ya rasu a 2019, ya riƙe wannan sarauta. A Sakkwato akwai Galadiman Gari cikin masu zaɓen Sarkin Musulmi. A Daura ma labarin Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu yana ambaton Galadima da Ƙaura cikin manyan fadawan sarauniya.

Matsayin mai riƙe da sarautar ya bambanta daga gari zuwa gari. A tsohuwar masarautar Zazzau ta Haɓe, Galadima baba ne, wato bawan fada da ba ya haihuwa, kuma shi ke riƙon gari idan sarki ya fita yaƙi. Sarakuna na son irin wannan mutum a muƙami mai hatsari domin ba shi da ɗan da zai yi wa kwaɗayin gado. A wasu wurare sarautar ta gida ɗaya ce da ake gada, a wasu kuma sarki na ba wanda ya ga dama. Lamidan Fulani na Adamawa da arewacin Kamaru su ma sun ɗauke ta, inda ake furta ta Galdima. Har a ƙauyuka da zango-zangon Hausawa na ƙasashen kudu, akan kira mataimakin mai gari ko na sarkin zango Galadima.

Yadda sarauta ta koma sunan iyali

A al'adar Hausawa da Barebari mutum yana da sunan yanka, sai a haɗa da sunan mahaifinsa, ko garinsa, ko sana'arsa. Sunan ba ya wuce tsara ɗaya ko biyu: ɗan Musa Abdu zai zama Isa Musa, jikansa kuma Ali Isa. Sunan da ke bin zuriya ba canji ya zo ne da rajistar Turawa, ta makaranta da aikin soja da haraji.

Faransawa sun kama Zinder a 1899, kuma birnin ya zama hedikwatar mulkin mallakar Nijar daga 1911 har zuwa 1926 da aka koma Yamai. Malamin da ke rubuta sunan yaro a rajistar lakwal yakan tambayi sunan uba. Idan uban mai sarauta ne, ba wanda zai kama sunansa na yanka a bainar jama'a, sai a ce ɗan Galadima ne. Haka ake rubutawa, haka kuma ya bi yaron har takardar shaidar karatunsa da ta aikinsa, daga nan ya sauka kan ƴaƴansa.

Akwai wasu hanyoyi uku da sunan ke shiga gida. Ta farko ita ce alkunya: idan aka raɗa wa jariri sunan kakansa wanda ya yi sarauta, uwar yaron da sauran matan gida ba za su iya kiran sunan surukinsu ba, sai su riƙa ce masa Galadima, kamar yadda ake ce wa wasu Maigari ko Abba. Ta biyu ita ce zama a gidan sarauta: barori da yaran gida sukan ɗauki sunan gidan da suka tashi a cikinsa. Ta uku ita ce laƙabi, domin ƙungiyoyin samari da na masu sana'a sukan naɗa nasu sarki da galadima, kuma wani lokaci laƙabin yakan danne sunan yanka. Saboda haka mutum biyu masu wannan suna ba lalle ne su haɗa jini ba, kuma sunan shi kaɗai ba ya tabbatar da haƙƙin gadon sarauta.

Galadima ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. A Nijar, Mayaƙi sarautar yaƙi ce, amma ta zama sunan iyalin Adamou Mayaki, tsohon ministan harkokin waje, da ɗansa Ibrahim Assane Mayaki, wanda ya zama firaminista a 1997. Zarmakoy na Dosso ya zama Djermakoye a sunan ƴan siyasa irin su Moumouni Adamou Djermakoye. A Najeriya akwai marigayi Adamu Ciroma da Kashim Shettima, mataimakin shugaban ƙasa tun 2023. A Kamaru akwai Issa Tchiroma Bakary.

Kwatanci da Turai

Turawa ma sun bi irin wannan tafarki, sai dai sun riga mu da ƙarnuka. A Ingila sunayen iyali sun fara zama na gado bayan mamayar Normandawa a 1066, kuma zuwa wajajen 1400 yawancin gidaje sun samu nasu. Da yawa daga cikinsu sunayen muƙaman fada ne: Stewart daga mai kula da gidan ubangida, Marshall daga mai kula da dawaki, Chamberlain daga mai kula da ɗakin sarki. Sunan King, mai ma'anar sarki, galibi laƙabi ne ko sunan baran sarki, ba shaidar jinin sarauta ba. A Faransa dokar Villers-Cotterêts ta 1539 ta tilasta wa limaman coci rubuta rajistar jarirai, sannan wata doka ta 1794 ta hana mutum amfani da sunan da ba shi ne a takardar haihuwarsa ba. Wannan ra'ayi na suna tsayayye shi ne Faransawa suka shigo da shi Nijar.

Inda sunan ya yaɗu

Ana samun Galadima a matsayin sunan iyali a duk faɗin yankin da sarautar ta kai: Zinder da Maradi da Diffa a Nijar, Yobe da Borno da Kano da Katsina da Kaduna a Najeriya, har zuwa tsakiyar ƙasar, inda ƙabilun da ba Hausawa ba suka ɗauki tsarin sarautun Hausa. Shi ya sa ake samun Musulmi da Kirista masu wannan suna. Cikin sanannun masu shi akwai ɗan siyasa Buba Galadima daga jihar Yobe, da Mai shari'a Suleiman Galadima, tsohon alƙalin Kotun Ƙolin Najeriya daga jihar Nasarawa, da Ibrahim Galadima na Kano, tsohon shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya. Daga sunan unguwa kuma aka samu Galadanci, kamar Farfesa Shehu Galadanci, shugaban Jami'ar Sakkwato na farko.

Rubutun suna da takardun hukuma

Galadima ya yi sa'a, domin rubutunsa ɗaya ne a Hausa da Faransanci da Ingilishi. Ƴan uwansa ba su samu wannan sauƙi ba. Ciroma kan zama Tchiroma ko Chiroma, Ƙaura ya zama Kaoura, Yarima ya zama Yérima, Shatima ya zama Chétima ko Shettima. Gida ɗaya da iyaka ta raba zai iya samun rubutu biyu ko uku na suna ɗaya.

Matsalar da masu sunan Galadima suka fi fuskanta ita ce ta musanya tsakanin sarauta da sunan yanka. Uba ɗaya zai iya fitowa da sunansa na yanka a takardar haihuwar babban ɗansa, ya fito da Galadima a ta ƙaraminsa, saboda an naɗa shi tsakanin haihuwar biyun. A idon hukuma waɗannan yara ba uba ɗaya suke ba sai an kawo hujja. Irin wannan saɓani yakan taso a lokacin rajistar jarrabawar BEPC ko BAC, ko neman fasfo, ko karɓar fansho, ko rabon gado a gaban alƙali. Gyaransa kuma sai an bi ta kotu, da shaidu da kashe kuɗi da zirga-zirga zuwa babban gari.

Dokar rajistar jama'a ta Nijar ta 2019, wadda ta maye gurbin ta 2007, ita ce ke tsara yadda ake shelar haihuwa da aure da mutuwa a ofisoshin magajin gari da cibiyoyin da ke ƙarƙashinsu. Abin da ya fi sauƙi ga iyali shi ne su tsai da rubutu ɗaya tun ranar shelar haihuwa, su duba takardar harafi bayan harafi kafin su bar ofis, su kuma tabbatar sunan uba ya yi daidai da wanda ke katinsa na ɗan ƙasa. Idan uban mai sarauta ne, gara a yanke shawara tun ɗan fari ko sunan yanka za a riƙa rubutawa ko Galadima, a kuma tsaya a kan hakan ga dukan ƴaƴan gidan.