Warren Moon da Batun Wa Ya Cancanci Jan Ragama a Ƙwallon Amurka

Gidajen kallon ƙwallo na Boɗinga da Shagari, har zuwa ƙauyuka irin su Mandera, gasar Firimiya ta Ingila suka sani, ba kasafai ake haska ƙwallon Amurka ba. Duk da haka tarihin wannan wasa yana ƙunshe da tambayar da ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe: wa ake yarda ya shugabanci jama'a, kuma da wane ma'auni? Wannan maƙala ta ɗauki rayuwar Warren Moon domin nuna cewa abin da ya daɗe yana hana baƙar fata matsayin kwatabak ba ƙarancin iyawa ba ne, tsohon zato ne game da wanda ya gaji tunani da wanda ya gaji ƙarfi.

A wasan, kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili, kuma masu kai hari suna da dama 4 su ci yadi 10. Kwatabak shi ke karɓar ƙwallo a farkon kusan kowane hari. Shi ke sanar da dabarar da koci ya zaɓa, ya karanci tsayuwar 'yan baya, ya sauya shiri in ya hango tarko, sannan ya jefa ƙwallo cikin 'yan daƙiƙu alhali ƙarti suna rugowa kansa. Aikin kai ne kafin ya zama na damtse, shi ya sa masu ƙungiyoyi suka daɗe suna ware shi ga Turawa. Daga 1934 zuwa 1945 babu baƙar fata ko ɗaya a NFL, babbar gasar wasan a Amurka. Bayan an buɗe ƙofa, sai aka riƙa tura su wuraren gudu da karo. Marlin Briscoe, baƙar fata, ya riƙe matsayin kwatabak a Denver a 1968, ya kuma taka rawar gani, amma da ya koma Buffalo sai aka mayar da shi mai cafke ƙwallo.

An haifi Moon a Los Angeles a 1956. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 7, mahaifiyarsa, ma'aikaciyar jinya, ita ta raine shi tare da 'yan uwansa mata 6. Da ya gama sakandare, manyan jami'o'i sun so shi amma da sharaɗin ya bar jifa ya koma wani matsayi. Ya ƙi. Ya gwammace ƙaramar kwalejin West Los Angeles har Jami'ar Washington ta ɗauke shi a matsayin da yake so. A Janairun 1978 ya jagorance ta ta doke Michigan da ci 27 da 20 a wasan Rose Bowl, aka ba shi kyautar gwarzon wasa. Bayan 'yan watanni NFL ta yi zaɓen sababbin 'yan wasa, zagaye 12, ba wanda ya kira sunansa.

A nan ne masu musun wannan fassara suke kafa hujja, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Moon ya riga ya sa hannu da Edmonton ta Kanada kafin ranar zaɓen, don haka ƙungiyoyi ba su ga dalilin ɓata damarsu a kansa ba. A wannan zaɓe ma Tampa Bay ta ɗauki Doug Williams, baƙar fata, a matsayi na 17. Sai dai ya kamata a tambaya, me ya kai gwarzon Rose Bowl neman abinci a wata ƙasa? Ya tafi ne domin alamun da ya gani sun nuna za a ɗauke shi can baya, ko a sake matsa masa ya sauya matsayi. Williams ɗin ma bai tsira ba: ya kai Tampa Bay zagayen fitar da gwani har sau 3, amma ya bar ƙungiyar bayan kakar 1982 kan rigimar albashi, domin abin da ake biyansa bai kai na wasu 'yan benci na wasu ƙungiyoyi ba.

Abin da Moon ya yi a Kanada ne ya rufe bakin gardama. Edmonton ta ci Kofin Grey, wato kofin gasar Kanada, sau 5 a jere, daga 1978 zuwa 1982, da farko yana raba aiki da Tom Wilkinson, daga baya ragamar ta dawo hannunsa. A 1983 ya jefa yadi 5,648 a kaka ɗaya. Ana iya cewa dokokin Kanada, mai fili mafi faɗi da dama 3 kacal, sun fi taimakon mai jifa. Gaskiya ne. To amma da Houston Oilers ta ɗauke shi a 1984 da kwantiragin da ya fi na kowa tsoka a lokacin, ya ci gaba da wasa har kakar 2000, ya bi ta Minnesota da Seattle da Kansas City, ya tara yadi 49,325 a NFL kaɗai, ban da 21,228 na Kanada. Mutumin da aka yi shakkar kansa yana ɗan shekara 21 ne yake jan ƙungiya yana da shekara sama da 40.

Ba a ce bai da tabo ba. Bai taɓa kaiwa Super Bowl ba, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL, kuma yana fili a Janairun 1993 lokacin da Houston ta yi gaba da 35 da 3 amma Buffalo ta farke ta ci 41 da 38. Williams ne ya fara cin wannan kofi a matsayin kwatabak baƙar fata, a 1988 tare da ƙungiyar Washington ta NFL. Moon kuwa shi ne kwatabak baƙar fata na farko da aka shigar zauren karrama gwarazan wasan da ke Canton, a 2006.

Masu nazarin zamantakewar Hausawa sun bambanta sana'ar gado da shigege, kuma an san dambe a da wasan mahauta ne, kokawa ta manoma. Amma fagen dambe yana da adalcin da ofishin masu ɗaukar 'yan wasa ba shi da shi: ɗan shigege in ya shiga fage ya yi kisa, magana ta ƙare. Moon sai da ya yi shekara 6 a wata ƙasa kafin a bar shi ya shiga fagen ma.

Yau al'amari ya sauya a Amurka, domin a Fabrairun 2023 Patrick Mahomes da Jalen Hurts, dukansu kwatabak baƙaƙe, suka kara a Super Bowl. Sauran aiki yana wajenmu. Christian Okoye ɗan Inugu, wanda bai fara wasan ba sai yana da shekara 23, ya fi kowa cin yadi da gudu a NFL a 1989. Osi Umenyiora ya ci Super Bowl sau 2 da New York Giants, kuma shi ke kan gaba a sansanonin neman 'yan wasa da NFL ta fara a Gana a 2022. Abin da ake aunawa a irin waɗannan sansanoni tsawo ne da nauyi da gudu, domin ana iya koya wa ƙato ɗan shekara 20 karo cikin ɗan lokaci, amma kwatabak tun yana yaro ake rainonsa. Dalilin na fasaha ne, sakamakon kuwa tsohon rabo ne: Afirka ta kawo jiki, wasu su kawo kai. Duk hukumar wasannin da za ta karɓi wannan wasa a Arewa, ta sa sharaɗin a fara da makarantun firamare da horar da masu koyarwa, ba da awon ƙarti ba.