Hanyar Tekun Arewa

Hanyar Tekun Arewa hanyar jiragen ruwa ce da ta bi gaɓar arewacin Rasha, daga tsibirin Nobaya Zemliya zuwa mashigin Bering. Jirgin da ya tashi daga Rotadam zuwa Yokohama ta nan yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na tafiyar da zai yi ta mashigin Suwez, sai dai ƙanƙara kan rufe hanyar galibin shekara.

Turawa sun daɗe suna neman ta. Willem Barents na Holan ya rasu a 1597 bayan ƙanƙara ta tsare jirginsa. Sai a 1878 zuwa 1879 Nordenskiöld ya ratsa ta da jirgin Vega, shi ma da ya yi hunturu guda a maƙale. A 1932 jirgin Sibiryakov na Tarayyar Sobiyet ya ƙetare a kaka ɗaya, gwamnati ta kafa hukumar hanyar a shekarar. A 1959 jirgin Lenin ya fara aiki, jirgin fasa ƙanƙara na farko mai makamashin nukiliya. Irinsa ke shiga gaba, ayarin jiragen kaya na bin sawu.

An buɗe wa baƙi hanyar a 1991, amma ciniki ya faɗi tare da Sobiyet. Jiragen dakon kaya masu nauyi ne suka sake jawo hankalin duniya: a 2009 Beluga Fraternity da Beluga Foresight na Jamus suka kwaso kayan tashar lantarki daga Koriya ta Kudu zuwa bakin kogin Ob. Dalilin a fili yake. Gaɓar Saberiya ba ta da titin kirki, ga sanyin da ke hana gini, don haka akan ƙera masana'anta gunduwa-gunduwa a wata ƙasa, a ɗora a jirgi. Gunduwa ɗaya kan kai tan dubbai. Haka aka haɗa masana'antar gas ta Sabetta, wadda ta fara fitar da kaya a 2017.

Ana yawan cewa hanyar za ta kashe wa Suwez kasuwa. Da sauran rina a kaba. Ɗumamar yanayi ta rage ƙanƙara, amma inshora na da tsada, tashoshin ceto sun yi nisa da juna, ga takunkumin da aka ƙaƙaba wa Rasha tun 2022. Mafi yawan abin da ke bin ta gas ne da mai da ma'adinan Rasha.