Dogon jeri a ƙaramin allo: daga kundin haraji zuwa wayar hannu a karkarar Kano

Ɗauki wayarka, buɗe inda lambobin mutane suke, ka sa yatsa ka ja sama. Sunaye suna ta wucewa kamar an rubuta su a doguwar takarda guda wadda ta faro daga Abba ta ƙare a Zulai, kai kuma kana leƙenta ta wata 'yar taga. To, babu wannan takarda. Ko da sunaye dubu biyu gare ka, layukan da wayar ta zana a kowane lokaci ba su wuce goma sha wani abu ba. Yadda aka kai ga wannan dabara, da dalilin da ya sa ta shafi mutumin Makoɗa ko Minjibir da bai taɓa rubuta manhaja ba, shi ne zancenmu a yau.

Bari mu fara da ƙasar kanta. In ka fita daga birnin Kano ta hanyar Ɗambatta ko ta Bichi, za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga dajin da ba a noma ba. Gona manne da gona, gawo da ɗorawa da kuka tsaitsaye a tsakani, gidaje kuma ko'ina. A 1965 Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka fitar da bincike a kan wannan yanki, suka bayyana shi da ƙasar da jama'a suka zauna dab da juna kewaye da birni. Abin da ya shafe mu shi ne tsarin zaman. Mutane ba su taru a manyan garuruwa kaɗai ba. Akwai 'yan unguwanni da gidaje warwatse cikin gonaki, wani wurin gida uku ne kacal amma da sunansa. Duk mai son ya kai ga kowa a irin wannan ƙasa, mai karɓar haraji ne ko mai raba taki ko mai rigakafi, ba shi da makawa sai da jeri, kuma jerin dogo ne.

Masarauta tana da nata maganin tun kafin zuwan Turawa: ba wanda ke riƙe jerin gaba ɗaya. Mai unguwa ya san masu gidajensa, dagaci ya san masu unguwanninsa, hakimi ya san dagatansa, kuɗin ƙasa kuma ya bi wannan tsani ya hau har fada. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, cikin 'yan shekaru suka sa hakimai su bar birni su tare a gundumominsu, aka kuma fara rubuta masu biyan haraji suna-suna. A gundumomin kusa da birni har gonaki aka riƙa aunawa da sawu, tsarin da aka sani da taki (na taka ƙasa fa, ba na zubawa a gona ba). Malamai su bi gona-gona suna ƙirga taku, a rubuta sunan mai ita da girmanta. Kundi ya yi kauri, amma an ci gaba da raba shi ƙauye-ƙauye. Mai neman sunan wani manomi ba ya farawa daga shafin farko na masarauta, sai ya ɗauko na ƙauyensu. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kalmar da Turawa ke amfani da ita ga jan rubutu sama da ƙasa a allo ta samo asali ne daga naɗaɗɗiyar takarda irin ta mutanen Masar da Rum na dā, wadda ake warwarewa da hannu ɗaya ana naɗewa da ɗayan. Duniya ta bar ta ta koma littafi mai shafuka, domin neman abu a tsakiyar naɗi aiki ne. Malamanmu na zaure ma shafi-shafi suka gada: warƙoƙi ba ɗinki, a gafaka, da kalmar farkon shafi na gaba rubuce a ƙasan kowane don kada tsari ya ɓace. Kwamfuta ce ta dawo da naɗin. A shekarun 1970 masu bincike a cibiyar Xerox PARC ta Kalifoniya suka sa wani ɗan sanda a gefen allo wanda ake ja don rubutu ya motsa, kwamfutar Macintosh ta 1984 ta kai shi gidajen mutane. Wayoyin da suka cika hannunmu bayan shigowar GSM Najeriya a 2001 kuwa, ka tuna da Nokia mai tocila, suna ɗaya bayan ɗaya ake bi da danna maɓalli har babban yatsa ya gaji.

Ranar 9 ga Janairun 2007 Steve Jobs ya nuna iPhone ta farko a San Francisco. Ya buɗe jerin mawaƙa, ya shafa allo da yatsa, jerin ya gungura da kansa, ya rage gudu a hankali kamar amalanke da aka saki, ya tsaya. In ya kai ƙarshe kuma ya ɗan miƙe ya dawo kamar roba. Wannan 'yar miƙewa aikin wani mai zane ne a Apple, Bas Ording, kuma tana cikin abubuwan da kamfanin ya kai Samsung kotu a kansu a shari'ar da aka yanke a 2012.

Sai dai abin da ido ke gani ba shi ne mai wuyar ba. Waccan iPhone tana da ƙwaƙwalwar aiki megabait 128 ne kawai. Wayar Android ta farko, HTC Dream ta 2008, tana da 192. Kowane layi da ka gani a jeri abu ne da sai an gina shi: akwatinsa, rubutunsa, hotonsa, girmansa, duk suna cin wuri da lokaci. Allo kuma yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, wato manhaja tana da kamar kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa ta gama zana kowane hoto. In ta makara, sai ka ji jerin yana tsalle yana maƙalewa a ƙarƙashin yatsanka. In ta ce sai ta gina layi dubu biyar kafin ta nuna maka komai, ko dai ka yi ta jira ko ta mutu.

Maganin da aka samo, duk wanda ya yi makarantar allo ya san shi. Ɗalibi ba ya neman alluna ɗari don karatunsa yana da yawa. Allo ɗaya ne: a rubuta, a karanta, a wanke, a sake rubuta na gaba. Haka manhaja take yi. Tana gina layukan da za su cika fuskar waya, a ce goma, da 'yan ƙari biyu ko uku. Da zarar layi ya fice ta sama, sai ta ɗauko shi, ta goge, ta rubuta sabon suna, ta shigo da shi ta ƙasa. Ainihin sunayen suna can a rumbun bayanai, ba a taɓa su sai an zo kansu. A iPhone abin da ke wannan aiki shi ne UITableView. A Android da farko ListView ne, amma ya bar wa mai rubuta manhaja zaɓi ko ya sake amfani da tsohon layi ko ya gina sabo, kuma da yawa sun riƙa gina sabo don ya fi sauƙin rubutawa. A 2014 Google ya fito da RecyclerView, wanda sunansa ma ke nufin mai sake amfani, ya mai da abin tilas. Kayan aikin da suka biyo baya, irin su FlatList da LazyColumn, duk a kan tunani ɗaya suke: kada a zana abin da ido bai kai gare shi ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Allon da ba a wanke da kyau ba, tsohon rubutu yana leƙowa ta ƙarƙashin sabo. Akwai kuskuren da kusan duk mai koyon Android sai ya yi: ya sa akwatin alama a kowane layi, ya danna na farko, ya ja ƙasa, sai ya tarar layi na goma sha uku ma yana da alama alhali ba wanda ya taɓa shi. Dalili kuwa, tsohon layin ne ya dawo da alamarsa, domin an ajiye alamar a jikin layi maimakon a rumbun bayanai. A jerin waƙoƙi wannan abin dariya ne. A jerin gidajen da aka ziyarta, gida ne da za a ɗauka an je alhali ba a je ba.

Wanda ya kawo mu Kano ke nan. A 2012 an samu yara 122 da cutar shan inna ta kama a Najeriya, fiye da rabin 223 na duniya baki ɗaya, kusan dukansu a Arewa. Cikin matsalolin da aka gano har da ta jeri. Masu ɗiga rigakafi suna fita ne da sunayen unguwanni da taswirar da aka zana da hannu, kuma ƙananan wurare suna faɗowa tsakanin ƙungiya da ƙungiya, kowa na zaton na ɗan'uwansa ne. Daga wajajen wannan lokaci aka fara zana taswirar kowace mazaɓa daga hotunan tauraron ɗan'adam, ana bin ƙasa ana tattaro sunayen wuraren, aikin da ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano ta taka rawa a ciki da tallafin Gidauniyar Gates. Ƙungiyoyin rigakafi suka riƙa fita da wayoyin Android masu adana sawunsu, da yamma a ɗora sawun a kan taswira a ga inda ba a taka ba. Masu sa ido kuma suka koma cike fam a waya da manhajoji irin su ODK Collect, wadda aka fara a Jami'ar Washington a 2008. Shan inna na daji na ƙarshe a Jihar Kano an gan shi ne a Sumaila a Yulin 2014. Ba waya ce ta yi wannan aiki ita kaɗai ba, ko kusa: sarakuna da malamai da matan da suka bi gida-gida cikin rana su suka yi. Amma ba za su je inda ba ya cikin jerinsu ba.

To yaya za ka zaɓi unguwa ɗaya a waya, a jihar da ke da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484 da dubban unguwanni? Sake amfani da layi ya hana waya shaƙewa, amma bai hana mutum gajiya ba. Ba mai jan sunaye dubbai da yatsa yana tsaye a ƙofar gidan mutane. Abin da fam ɗin ke yi shi ne ya tambaye ka ƙaramar hukuma tukuna, sannan ya nuna maka mazaɓunta kaɗai, sannan unguwannin wannan mazaɓa kaɗai. Ka ga tsanin hakimi da dagaci da mai unguwa ya dawo ke nan, a ganina kuma har yanzu ba a ƙirƙiro abin da ya fi shi ba. Yana ma warware wata matsalar tamu: Sabon Gari nawa ne a Kano, Tudun Wada nawa, Unguwar Malamai nawa? A jeri guda mai tsawo ba ka rabe su. Ƙarƙashin mazaɓarsu kuwa kowace ta fita daban. Sannan dole jerin ya zauna cikin wayar, domin a ƙauyuka da yawa intanet sai an hau tudu, kuma wayar da za a yi aikin da ita galibi Tecno ce ko itel mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, ba irin wadda mai rubuta manhajar ya gwada da ita a ofis ba.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da mu masu rubutun boko. A tsarin Unicode kowane harafi yana da lamba, kuma lambobin Ɓ da Ɗ da Ƙ suna can bayan ta Z. Manhajar da ta jera sunaye da lambobin nan kai tsaye za ta jefa Ɗambatta ƙarshen jeri, nesa da Dawakin Tofa. Wanda ya rubuta Dambatta a akwatin nema kuma ba zai samu Ɗambatta ba, sai ya ɗauka ba ta ciki, wataƙila ma ya ƙara ta a matsayin sabon wuri, jeri ya zama da gari ɗaya sau biyu. Android tana da kayan jera haruffa bisa harshe, mai suna Collator, wanda ke ajiye Ɗ kusa da D, amma sai mai rubuta manhajar ya san da matsalar kafin ya kira shi. Don haka in wata rana ana yi maka rajista a waya, ta tallafin noma ce ko ta asibiti, aka ce maka ƙauyenku ba ya ciki, alhali sunansa da harafi mai lanƙwasa ya fara, ka ce wa mai riƙe da wayar ya ja har ƙasa, ya duba bayan Z.