Tarihin Maganin Ƙarfin Maza da Yadda Yake Ratsa Jiki

Wanda ya san Bata a Kano, inda Fagge ta haɗu da Sabon Gari, ya san an daɗe ana cinikin magunguna a wajen. A 2024 hukuma ta rufe shagunan 'yan sari na kasuwar Sabon Gari, ta umarce su da su koma Dangwauro, a kan hanyar Zariya. Amma 'yan talla ba su daina kai ƙwayar ƙarfin maza ƙauyuka ba. Yau za mu ji asalinta.

A 1989 masanan kamfanin Pfizer a garin Sandwich na Ingila suka haɗa wani magani, sildenafil, don masu ciwon ƙirji. Da aka gwada shi bai yi wa zuciya amfani sosai ba, sai mazan da suka sha suka ba da labarin wani amfani dabam. A 1998 Amurka ta yarda a sayar da shi da sunan Viagra. Ɗan'uwansa Cialis ya biyo baya a 2003.

To, yaya yake aiki? Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, ƙanana ƙwarai, sai da madubin likita ake ganinsu. Kowace tana lulluɓe da tantani na maiƙo. Aikin maganin a cikin ƙwayar yake, saboda haka tilas ya ratsa tantanin nan tukuna. Don a gane irin wannan ratsawa, masana sukan ƙera tantani na gwaji. Wani likita, Alec Bangham, shi ya buɗe wata hanyar yin haka kusa da Kambirij a 1961, da ya ga maiƙo yana dunƙulewa cikin ruwa kamar 'yan jakunkuna. Da aka zuba magungunan ƙarfin maza a kan irin wannan tantani, sai aka ga suna shiga cikin maiƙon.

Ga abin lura. Irin wannan tantani yana ko'ina cikin jiki, maganin kuwa bai san wuri ɗaya ba. Yana sake jijiyoyin jini na mazakuta, yana kuma sake na kai da na hanci, shi ya sa ciwon kai da toshewar hanci. Yakan taɓa ido, har wani ya riƙa ganin abu shuɗi-shuɗi. Wanda ke shan maganin ciwon ƙirji irin wanda ake sawa ƙarƙashin harshe, in ya haɗa su, jininsa yana iya faɗuwa farat ɗaya, har ya rasa rai. Ku sani kuma, ƙarfin Viagra kamar awa huɗu ne, na Cialis kuwa yakan kai awa 36.

Saboda haka kada ku saya a hannun ɗan talla, don ba ku san abin da ke ciki ba. Raunin mazakuta sau da yawa alama ce ta ciwon sukari ko hawan jini. Ku je wurin malamin asibiti ya auna ku, ku gaya masa duk maganin da kuke sha, ba abin kunya ba ne. In gaba ya miƙe ya wuce awa huɗu bai kwanta ba, a tafi asibiti nan da nan, kada a jira gari ya waye.

Mu kwana lafiya.