Hannu a Damagaram, na'ura a Yamai: tarihin madannai da linzamin nesa

Ƴan uwana ɗalibai, da yawanmu mun ji ana cewa ma'aikaci yana iya zama a Damagaram ya gyara babbar kwamfutar da ake kira sabar, alhali tana Yamai, kusan kilomita 900. To wane ne ke danna mata madannai? Abin da nake so in bi tarihinsa ke nan.

Abin ya daɗe. Ranar 9 ga Disamba 1968, a birnin San Faransisko na Amurka, Douglas Engelbart ya nuna wa taro linzamin kwamfuta, wanda Turawa ke kira kusu. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne kwamfutar ba ta cikin zauren. Tana Menlo Park, wajen kilomita 48, layin tarho ke kai mata motsin hannunsa. Ke nan tun ranar da duniya ta ga linzami, daga nesa ta gan shi yana aiki.

Da sabar suka yi yawa a ɗaki guda, sai aka ƙera akwatin KVM: madannai ɗaya, allo ɗaya, linzami ɗaya, ana juya su daga wannan na'ura zuwa waccan. Amma mahaɗin PS/2 da IBM ya fito da shi a 1987 ba ya son a zare shi ana cikin aiki. Sai aka koya wa akwatin ya riƙa amsa wa kowace kwamfuta kamar madannanta na nan jone. Daga nan dabarar ta samo asali.

A 1996 USB ya fito. A 1998 aka saki VNC daga Kambirij ta Ingila, mai kawo maka allon wata kwamfuta ta hanyar sadarwa. Sai dai in tsarin kwamfutar ya mace, shi ma ya mace. A shekarar dai, Intel da HP da NEC da Dell suka fitar da ƙa'idar IPMI, wadda ta dogara da wata ƴar kwamfuta da ke cikin sabar, mai suna BMC. Ita ba ta barci muddin akwai wuta. Irinta ce iLO ta HP da iDRAC ta Dell. Tana ɗaukar hoton allon ta aiko maka, kai kuma abin da ka danna ta miƙa wa sabar ta USB, sabar ta ɗauka mutum ne tsaye gabanta.

Ga inda abin ya shafe mu. Madannai ba harafi suke aikawa ba, lambar gurbi ce. Mu a Nijar mun saba da AZERTY na Faransanci, sabar da yawa kuwa an saita su kan QWERTY. Ka danna A, lamba 20 ta tafi, can a rubuta Q. In kalmar sirri ce, ɗigo kawai kake gani, ka yi ta bugawa ana ƙin ka, ba ka san dalili ba. Ƙ da ɗ da ɓ kuwa ba su da gurbi ko kaɗan a tsarin biyun.

Linzami ma da nasa. Na asali yana faɗin nisan da ya motsa ne kawai, shi ya sa kibiyarka da ta sabar ke rabuwa. Maganin da aka samo shi ne a aika ainihin wurin da kibiya take, kamar allon taɓawa. Ctrl+Alt+Del kuma kwamfutarka ce ke cafke shi, don haka aka sa masa maɓalli na dabam a cikin manhajar.

Shawarata ga mai son wannan sana'a: kafin ka buga komi, duba tsarin madannan ɓangarorin biyu. Kuma ka canza kalmar sirrin da BMC ta zo da ita daga kamfani, domin duk wanda ya shiga ta nan, yana iya kashe sabar ko ya goge ta, kamar yana cikin ɗakin.