Tarihin Rubuce-rubuce kan Sojojin Ƙasar Hausa a Zamanin Turawa

Littattafan da suka ba da tarihin sojojin ƙasar Hausa a zamanin mulkin mallaka kusan duk da Turanci aka rubuta su, kuma na farko-farkonsu sun fito ne daga alƙalamin Turawan da suka yi mulki ko suka ba da oda a bariki. Tushen rundunarsu yana komawa 1863, lokacin da John Glover ya tara wasu Hausawa a Legas ya ba su bindiga. A 1897 aka ɗora wa Lugga kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, wadda ta ci Kano da yaƙi a watan Fabrairu na 1903. Da Hausa ake magana a barikokinta, har kalmomi irin su kofur da saje da samanja suka samu gindin zama a harshen. Duk da haka babban kundin tarihinta, wanda Haywood da Clarke suka wallafa a 1964, labarin bataliyoyi ne da hafsoshinsu. Sojan da ya saɓa bindigar ba ya cika fitowa da sunansa sai in ya ci lambar yabo.

Yaƙin Bama ne ya fi samun marubuta. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma sun yi gumurzu da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka kama Myohaung a Janairun 1945, wasu bataliyoyin Najeriya kuma suka shiga cikin dakarun Chindit a 1944. Sunan barikin Chindit a Zariya da na Kalapanzin a Kaduna daga can suka samo asali. John Hamilton, tsohon hafsa a runduna ta 81, ya rubuta War Bush a 2001 don ya ƙwato wa rundunar haƙƙinta a tarihi, David Killingray kuma ya fitar da Fighting for Britain a 2010, inda ya fi ba sojojin Afirka bakin magana. Amma labarin sojan Najeriya da ya fi shahara daga bakin mai shi na Isaac Fadoyebo ne, Bayarabe, labarin da aka wallafa a 1999: an harbe shi a bakin kogin Kaladan, wasu Musulmi ƙauyawa suka ɓoye shi wata da watanni suna ciyar da shi. Bahaushen soja kuwa sai a ƙagaggen labari ya zama tauraro, wato Ali Banana na Burma Boy, littafin Biyi Bandele ɗan Kafanchan na 2007. A Hausa, waƙar Sa'adu Zungur ta Maraba da Soja ce ta fi zama a zukata.

Wani zai ce ai sojojin ba su yi boko ba, don haka ba su bar abin da za a gina tarihi a kai ba. Gaskiya ne a wasu ƙasashe ba haka abin yake ba; alal misali, marubutan Kanada irin su Tim Cook sun dogara da tulin wasiƙu da littattafan ajiyar sirri na sojojinsu, kuma gwamnatinsu ta naɗa masana irin su C. P. Stacey musamman don rubuta tarihin sojojin. Sai dai rashin boko ba rashin shaida ba ne. Akwai ajami, akwai waƙoƙin fareti, akwai takardar sallama da lambobin da ke naɗe a ƙasan adaka, akwai kuma abin da tsofaffin suka gaya wa 'ya'yansu. Wani kuma zai ce sojan Bature ne, shi ya fasa ganuwar Kano, bai cancanci a raya sunansa ba. Wannan hujja ce ta a rubuta, domin ba za a fahimci yadda Bahaushe ya juya wa Bahaushe bindiga ba sai an san abin da ya kai shi bariki, bauta ce ya gudu daga gare ta, ko yunwa, ko tilascin hakimi.

Waɗanda suka je Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, saura 'ya'ya da jikoki. Duk mai irin waɗannan takardu a Ƙauyen Alu ko Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni a Kano, ya daure ya kai su Gidan Ɗan Hausa ko sashen tarihi na Jami'ar Bayero a ɗauki hotonsu, ya kuma rubuta abin da ya ji da Hausa.